Rahoton wata ya ninka kuɗin da ke akwati: ina kuskuren yake a umarnina na SQL?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da kwamfutar wani shagon kayan gini a Garwa, muna da reshe a Marwa da Ngaundare, da wani sabo a Kusiri da bai fara ciniki ba tukuna. Na rubuta umarnin SQL (harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi) da ke haɗa teburin rasiti da na kayan da aka saya da na biyan kuɗi, don in fitar da cinikin kowane reshe a wata. Rahoton Janairu ya ba ni sefa miliyan 61, littafin kashiya kuwa miliyan 38. Wasu da muke bi bashi ma rahoton cewa ya yi su ke bin mu. Kusiri bai fito ba sam. Kuma a kwamfutata mai XAMPP (manhajar da nake gwaji da ita) umarnin na tafiya lafiya, da na ɗora shi a sabar (kwamfutar da muka yi haya a intanet) sai ya ba ni kuskure mai lamba 1055. Alhaji ya fara yi mini wani irin kallo.

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, babu wanda ya ci kuɗin Alhaji, kuma ba SUM, mai tara lambobi, ce ta yi maka ƙarya ba. Abin da ka ba ta shi ta tara. Matsalar ta faru tun kafin a iso wurin tarawa, a wajen haɗa teburan nan uku.

Ka yi wannan kafin ka ci gaba da karatu. Goge GROUP BY mai rukunta layuka, goge SUM, ka bar JOIN ɗinka masu haɗa tebura yadda suke, ka ƙara sharaɗin da zai fito maka da rasiti guda ɗaya tak, wanda ka san kayansa sun fi ɗaya kuma an biya shi sau biyu. A ce rasiti mai lamba 412 ne: wani magini ya ɗauki siminti buhu 40 a kan 5,500, wato 220,000, da kwano na 100,000, da ƙusa ta 30,000. Duka 350,000. Ya ba da 200,000 a hannu, bayan kwana biyu ya turo cikon 150,000 ta waya. A teburin kaya layi uku ne, a teburin biya layi biyu. Kai kana zaton za ka ga layi uku ko biyar. Shida za ka gani. Siminti zai fito sau biyu, sau ɗaya gefen 200,000, sau ɗaya gefen 150,000, haka kwano, haka ƙusa. Domin rumbun bayanan bai san wata alaƙa tsakanin ƙusa da kuɗin waya ba, abin da ya sani kawai duk lambar rasitinsu ɗaya ce, sai ya aurar da kowane layi na nan da kowane layi na can.

Yanzu ka tara da hannu. Kaya sun zama 700,000, ninki biyu. Biya ya zama 1,050,000, ninki uku. Ka ga inda maginin da ya biya daidai ya koma yana bin ku 350,000? Dalilin da ya sa kuma 61 ba ta zama ninkin 38 cif ba shi ne, yawancin rasitanku na mutumin da ya sayi abu ɗaya ne ya biya nan take, ɗaya sau ɗaya ɗaya ne, waɗannan suna fitowa daidai. Shi ya sa irin wannan kuskure yake daɗewa a ɓoye. Ranar da ka gwada umarninka da rasitai biyar na gwaji komai ya yi kyau.

Tambayar da nake so ta zame maka jiki ita ce: a wannan matakin, layi ɗaya me yake wakilta? A teburin rasiti, layi ɗaya rasiti ɗaya ne. Da ka haɗa shi da teburin kaya, layi ɗaya ya koma nau'in kaya ɗaya a cikin rasiti, don haka duk wani ginshiƙi na rasiti, kamar jimlarsa ko kuɗin dako, ya riga ya maimaitu, tara shi haramun ne. Da ka ƙara teburin biya, layi ɗaya ya daina wakiltar komai a duniyar nan. Akwai gwaji mai sauƙi: sa COUNT(*), mai ƙirga layuka, da COUNT(DISTINCT r.id), mai ƙirga lambobin rasiti ba maimaici, gefe da gefe. In kana nufin tara abin da ke matakin rasiti amma lambobin biyu suka bambanta, to an sami ninki.

Wani zai ce maka ka sa SUM(DISTINCT kudi) ka huta. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. DISTINCT ba ta san rasiti ba, adadi kawai take kallo. Mutum goma su sayi buhu ɗaya ɗaya a kan 5,500 a Marwa, sai ta ƙirga 5,500 sau ɗaya ta zubar da tara. Ni da kaina na taɓa faɗawa wannan ramin a wani aiki da na yi wa wata ƙungiyar manoman albasa, inda kowa ke zuba kuɗin wata iri ɗaya. Rahoton ya ragu daga abin da ya wuce hankali zuwa abin da ya yi kama da gaskiya, na yi murna, sai da ma'ajin ya buɗe littafinsa a gabana yana bin sunaye da yatsa na gane mutum sama da arba'in sun zama mutum ɗaya. Rahoton da ya kumbura kowa zai gan shi. Wanda ya ragu kaɗan shi ne ke kai mutum ga rantsuwa.

Gyaran gaskiya shi ne ka tara kowane teburi shi kaɗai har ya sauko matakin rasiti, sannan ka haɗa:

```sql
WITH k AS (
  SELECT rasiti_id, SUM(adadi * farashi) AS ciniki
  FROM kayan_rasiti GROUP BY rasiti_id
), b AS (
  SELECT rasiti_id, SUM(kudi) AS an_biya
  FROM biya GROUP BY rasiti_id
)
SELECT re.id, re.suna,
       COUNT(r.id) AS rasitai,
       COALESCE(SUM(k.ciniki), 0) AS ciniki,
       COALESCE(SUM(b.an_biya), 0) AS an_biya
FROM reshe re
LEFT JOIN rasiti r ON r.reshe_id = re.id
     AND r.lokaci >= '2025-01-01' AND r.lokaci < '2025-02-01'
LEFT JOIN k ON k.rasiti_id = r.id
LEFT JOIN b ON b.rasiti_id = r.id
GROUP BY re.id, re.suna;
```

WITH tana aiki a rumbun MySQL daga sigar 8.0, a rumbun MariaDB daga 10.2. In naka ya girme su, sa kowanne a cikin baka a wurin JOIN, abu ɗaya ne.

Ka lura na fara da teburin reshe, ba da na rasiti ba, kuma sharaɗin kwanan wata yana cikin ON, ba ya cikin WHERE. Nan Kusiri ya ɓace maka. GROUP BY ba ta ƙirƙiro rukunin da babu layinsa. In ka fara da rasiti, reshen da bai sayar da komai ba ba shi da ko layi ɗaya, babu abin da za a rukunta. In kuma ka fara da reshe ka yi LEFT JOIN, Kusiri zai shigo da layi ɗaya wanda duk ginshiƙan rasitinsa NULL ne, wato babu komai a cikinsu, sai WHERE ta zo ta tambaya ko lokacin nan ya kai 1 ga Janairu. NULL ba ta amsa e, ba ta amsa a'a, WHERE kuwa ba ta barin kowa ya wuce sai wanda ya amsa e. An gudu ba a tsira ba: ka rubuta LEFT JOIN amma ka mayar da ita INNER, mai zubar da layin da bai sami abokinsa ba, da hannunka. Haka masu bashin da ba su biya ko sisi ba suke ɓacewa in ka haɗa teburin biya da INNER JOIN, su ne kuwa Alhaji ya fi son gani.

Abubuwa biyu ƙanana a nan. Na rubuta COUNT(r.id) ne da gangan. Da COUNT(*) na sa, Kusiri zai nuna rasiti 1, domin tana ƙirga layin NULL ɗin nan, ita kuwa COUNT mai sunan ginshiƙi tana tsallake NULL. SUM ma tana tsallakewa, amma in duka NULL ne sai ta dawo da NULL maimakon sifili, daga nan duk abin da ka ɗebe ko ka ƙara mata NULL zai zama. COALESCE ce maganin wannan, ita ke sa sifili a gurbin NULL.

Duk wannan yana sauƙi in ka riƙe jerin da rumbun yake bi, wanda ba shi ne jerin da kake rubutawa ba. Yana fara da FROM da JOIN, sai WHERE, sai GROUP BY, sai HAVING, sannan SELECT, ORDER BY a ƙarshe. WHERE tana tace layuka kafin a rukunta, don haka ba ta san jimla ba. In kana son rassan da cinikinsu ya haura miliyan 10, HAVING ce wurinsa.

Sai batun 1055. XAMPP, duk da sunan MySQL da kake gani a allonsa, MariaDB ce a ciki, kuma MariaDB ba ta kunna ƙa'idar ONLY_FULL_GROUP_BY da kanta. MySQL kuwa tun 5.7.5 take zuwa da ita a kunne. Abin da kuskuren ke gaya maka shi ne ka sa wani ginshiƙi a SELECT wanda ba ya cikin GROUP BY kuma ba a tara shi ba. Ina kyautata zaton sunan mai saye ne ko kwanan wata. Ka yi tunani: ka ce a ba ka layi ɗaya na reshen Marwa, rasitai ɗari takwas sun dunƙule a ciki, sannan ka ce a rubuta sunan mai saye. Wanne daga ciki? A kwamfutarka MariaDB tana ɗauko wanda ta ga dama ta yi shiru. Sabar ta ƙi, ta tambaye ka. Za ka ci karo da masu cewa ka kashe ƙa'idar a sql_mode. Kada ka yi. Sabar ce mai gaskiya, kai ma ka kunna ƙa'idar a kwamfutarka don su yi magana da baki ɗaya. PostgreSQL, wani rumbun dabam, ba ta ma da makunnin kashewa, sai dai tana ƙyale ka in ka rukunta da mabuɗin farko na teburin (PRIMARY KEY), tunda shi kaɗai ya isa ya tantance sauran ginshiƙan, MySQL ta zamani ma haka. In abin da kake nema shi ne mai saye mafi girma a kowane reshe, wannan wata tambaya ce dabam, da ROW_NUMBER() OVER (PARTITION BY reshe_id ORDER BY ...) ake amsa ta, ba da sa MAX a gefen suna ba. MAX za ta ba ka adadi mafi girma, sunan da ke gefensa kuma na wani ne.

Ban ga yadda ka rubuta kwanan watanka ba, amma na san abin da mutum tara cikin goma suke rubutawa: BETWEEN '2025-01-01' AND '2025-01-31'. In ginshiƙin DATETIME ne, '2025-01-31' na nufin ƙarfe goma sha biyun dare daidai a farkon ranar 31, cinikin yinin nan gaba ɗaya ya faɗi waje. Ƙarshen wata kuwa lokacin da albashi ya shigo masu gini suke tururuwa. Shi ya sa na yi amfani da "ya kai 1 ga Janairu, bai kai 1 ga Fabrairu ba". Haka nan kada ka rukunta da MONTH(lokaci) kaɗai, ranar da bayananku suka shekara Janairun bara da na bana za su cakuɗe a layi ɗaya.

Akwai kuma awa ɗaya da ke yawo. Kamaru da Cadi suna gaban agogon UTC da awa ɗaya duk shekara, sabar da aka yi haya a Turai ko Amurka kuwa galibi a kan UTC ake barinta. Cinikin rana ba abin da zai same shi, shago ya rufe tun magariba. Amma kuɗin waya ba ya barci. Wanda ya turo ta Orange Money ko MTN MoMo da ƙarfe 12:20 na daren da ya shiga 1 ga Fabrairu, in UTC ake ajiyewa, sabar za ta rubuta 23:20 na 31 ga Janairu. Da azumi, da mutane ke kwana ido biyu, irin wannan yana ƙaruwa. A MySQL ginshiƙin TIMESTAMP yana juyawa bisa agogon zaman da ka buɗe, DATETIME kuwa yadda aka zuba shi haka yake zama, don haka sai ka fara gano wanne ne naka. In juyawa ta kama, CONVERT_TZ(lokaci, '+00:00', '+01:00') ta isa. Mai suna 'Africa/Douala' tana dawo da NULL shiru in ba a loda teburan yankunan lokaci a sabar ba. Ya fi kyau ma ka juya iyakokin biyu, ka bar ginshiƙin tsirara, domin da zarar ka naɗe shi cikin wani aiki a WHERE, rumbun ba zai iya bin fihirisar (index, jerin saurin nema) da ke kansa ba, sai ya karance teburin duka. In rahoton ya fara jan ƙafa, sa EXPLAIN a gaban umarnin ka duba, ka tabbatar akwai fihirisa a kan rasiti_id a teburan kaya da biya, da wata a kan reshe_id da lokaci tare.

To, ga inda tsugune ba ta ƙare ba. Ko ka gyara duk abin da na lissafa, kada ka yi tsammanin rahoton nan zai ba ka miliyan 38 cif, kuma in bai ba ka ba, ba kuskure ba ne. Kai cinikin Janairu kake aunawa, kayan da suka fita daga sito a watan. Kashiya kuwa kuɗin da ya shigo hannunsa a watan yake rubutawa. Ɗan kwangilar da ya kwashi rodi a Disamba ya biya a Janairu yana littafin kashiya, ba ya rahotonka. Wanda ya ɗauki kwano ranar 28 ga Janairu ya ce sai bayan sati biyu yana rahotonka, ba ya littafin. Ginshiƙin an_biya da na rubuta maka a sama ma amsar wata tambaya ce ta uku: nawa aka biya, ko yaushe ne, a kan rasitan Janairu. In littafin kashiya kake son kamawa, sai ka rubuta umarni dabam da zai fara daga teburin biya, ya tace da lokacin biya, ya leƙa rasiti don ɗauko reshe kawai, bai taɓa teburin kaya ba. Ka je ka zauna da Alhaji ka tambaye shi da baki: in ya ce "cinikin wata", abin da ya fita yake nufi ko abin da ya shigo? Na sha ganin an kwana ana tonon umarni alhali maigida da yaronsa kalma ɗaya suke faɗa da ma'ana biyu. Ka tambaye shi kuma yadda ake yi da rasitin da aka soke da kayan da aka dawo da su, domin in suna nan zaune a teburin da wata alama kawai, SUM tana tara su.

Tunda na ga rahoton zai girma, bari in gaya maka inda za ka yi tuntuɓe nan gaba. Alhaji zai nemi matsakaicin farashin siminti. AVG(farashi) tana ba kowane layi nauyi ɗaya: an sayar da buhu 1,000 a kan 5,500, an sayar da buhu 2 a kan 6,200, za ta ce 5,850, alhali ainihin abin da buhu ya kawo kusan 5,501 ne. SUM(adadi * farashi) / SUM(adadi) za ka rubuta. A MySQL 7 / 2 tana ba da 3.5, amma a PostgreSQL da SQLite da SQL Server 3 ce in duka lambobin cikakku ne, ka tuna da wannan ranar da ka sauya rumbu. Kuɗi kuma kada ka ajiye shi a FLOAT. Sefa ba ta da ƙananan canji a lissafin yau da kullum, BIGINT ko DECIMAL sun ishe ka. Na ce BIGINT domin INT tana tsayawa a 2,147,483,647, biliyan biyu da 'yan kai, wanda a kuɗinmu dillalin siminti zai iya tarawa cikin 'yan shekaru, kuma SQL Server tana tsayar da SUM ta INT da kuskure in ta haura nan. Harajin TVA na kashi 19.25 da ake sawa a Kamaru shi ma yana da nasa: in rasiti yana cike guntun sefa layi layi, rahoto kuma ya tara duka sannan ya cike, za a sami bambancin 'yan sefa da ba za ka taɓa gano inda suka shiga ba. Ka ajiye harajin da aka buga a rasiti a ginshiƙinsa, shi za ka tara, kada ka sake lissafa shi.

In kana da teburin reshe mai lamba, madalla. Amma in akwai wani wurin da ma'aikata ke rubuta gari da hannu, kamar garin mai saye, ka gudanar da SELECT gari, COUNT(*) FROM masu_saye GROUP BY gari ka sha kallo: Garoua, GAROUA, Garwa, Ngaoundéré, Ngaoundere, Ndéré, wani da sarari a gabansa. Tsarin jera haruffa da MySQL 8.0 ke zuwa da shi ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami ko é da e, don haka zai haɗe maka wasu, PostgreSQL kuwa kowanne rukuninsa dabam. Garwa da Garoua dai babu rumbun da zai san gari ɗaya ne sai ka gaya masa, da teburin garuruwa da akwatin zaɓi a maimakon rubutun hannu. In kuma ka sa WITH ROLLUP don layin jimlar duka ya fito a ƙasa, ka sani da NULL yake zuwa a gurbin suna, kuma in aka kwashe rahoton zuwa Excel wani ya sake tara ginshiƙin har da wannan layin, ninki biyu ya dawo ta bayan gida.

Gobe da safe, kafin shago ya cika, ka ɗauki rana ɗaya, 31 ga Janairu ta fi, da reshe ɗaya, Garwa inda littafin ke kusa da kai. Fito da layukan biyan ranar ba tare da GROUP BY ba, ka zauna gefen kashiya, shi yana karanto nasa kai kana sa alama a naka. In ranar ta dace, faɗaɗa zuwa mako, sannan wata. In ba ta dace ba, layin da ya rage babu alama zai gaya maka ko awa ɗayan nan ce, ko rasitin da aka soke, ko kuɗin da aka karɓa ba a shigar ba. Sai ka turo mini umarninka na asali da sakamakon SHOW CREATE TABLE na teburan uku, ka goge sunaye da lambobin wayar masu saye kafin ka turo.